Shekarar da Aka Yanka Muryar Malam

Na lura kowannenku yana da nasa labarin abin da ya shiga tsakanina da Baffanku Sabo, kuma babu wanda ya samo nasa daga bakina. Wasu sun ji a wurin matan gida, wasu a wurin ma'aikatan shagon Baffan a kasuwar Muda Lawal, inda labari ke ƙara nauyi kamar buhun masarar da ya sha raɓa. An ce a kan gado muka ɓata. An ce a kan waya. Na biyun ya fi kusa da gaskiya, ko da yake da kunya a ce dattawa biyu masu furfura sun raba tabarma saboda abin da yara ke kallon rawa a cikinsa. To ga yadda aka yi. Abin da na gani zan ce na gani, abin da nake zato zan ce zato ne.

Kakanku, wanda duk unguwar Wunti ke kira Malam kawai, ya daɗe yana karantar da fiƙihu a zauren gidanmu bayan la'asar. Masu zama gabansa teloli ne da 'yan kasuwa da wasu ma'aikatan gwamnati da ke zuwa kai tsaye daga ofis da biro a aljihu. Mata kuma suna zama ta cikin gida, jikin bango, suna saurare suna tsinkar zogale. Sabo yana saurayi ya sami rikoda, ya riƙa ajiye ta gefen buzun Malam, har kaset-kaset suka cika akwatin ƙarfe. Wannan aikin nasa ne, ban taɓa musun haka ba. Amma da Malam ya ji jikinsa ya soma sanyi, ni ya kira ya ce akwatin ya zauna a hannuna, tunda ni ne babba. Ya zauna a ƙarƙashin gadona a gidana na unguwar Ɗan Iya har na yi ritaya. Ranar da na ɗauko ɗaya na sa, sai na ji muryar Malam tana jan ƙafa kamar mai magana cikin ruwa. Zaren kaset ɗin ya fara lalacewa. 'Yar'uwarku Hafsa, wadda ta karanta ilimin kwamfuta, ita ta zauna ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa na'ura, ta wanke ƙarar da za ta wanku. Har nan babu wanda ya yi gardama da wani. Gardama ta taso ne da aka zo kan yadda karatun zai isa ga mutane.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka zauna a falona, mahaifiyarku ta kawo masa da miyar taushe. Sabo ya zo da ɗansa Mubarak, wanda shi ma sana'arsa ke nan, yi wa 'yan kasuwa manhajar waya. Shi ya fara magana, ya kuma yi ta da tsari, don yaro ne mai natsuwa.

"Baba, manhaja za mu yi wa Kaka. A sa ta a rumbun da kowa ke sauke manhaja. Can akwai masu dubawa, ba a shigar da shara, ba mai buɗe ta jabu da sunansa cikin sauƙi. In mutum ya sauke, ko ba sabis zai saurara. Sannan zan kulle karatun a ciki: a ji, amma ba a ɗauke shi a fitar."

Hafsa ta bari ya gama, ta ajiye cokali.

"Abba, shafi kawai za mu buɗe a intanet. Kowace waya mai burauza, wato abin shiga intanet, za ta buɗe shi, babba ko ƙarama. Ba neman izinin kowa, ba jira. In an ga kuskure yau, yau za a gyara. Manhaja kuwa sai an yi ta kashi biyu, don wayoyin iri biyu ne, kowanne da rumbunsa da dokarsa."

"Shafi ai filin Allah ne," in ji Mubarak. "Kowa ya zo ya ɗiba."

"Karatu ne fa, ba gwal ba," in ji Hafsa. "Ɗiba ake so a yi."

Ni dai ban san kan abin ba, amma na san yadda ake tambaya, don da ita na ci abinci shekara da shekaru. Na tambayi Mubarak su wane ne masu dubawar nan. Ya ce ma'aikatan kamfanin da ya yi tsarin wayar ne, da kuma na'urorinsu. Na ce a ina suke zaune. Ya ce a ƙasar waje. Na ce suna jin Hausa? Ya yi murmushi, ya ce ba karatun za su saurara ba, za su duba ne ko manhajar tana satar bayanan mutane, ko tana lalata waya. Na ce to madalla, wannan aiki ne mai kyau. In kuma wata rana suka ga dama suka cire ta fa? Ya ce sai in an karya doka. Na ce dokar tana canzawa? Ya ce takan canza, sai a sabunta manhajar ta dace. Na ce wa zai sabunta in kai ba ka nan? Na ce in an cire ta bisa kuskure, ƙofar wa zan je in tsaya da sandata? Ya ce akwai inda ake rubuta koke.

"Ana amsawa?"

"Wani lokaci, Baba."

Kun san na yi sufeton makarantu kafin in ajiye aiki. Na san mai dubawa, don na sa rigarsa. Yana duba abin da ke da sauƙin dubawa: an share fili, an shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, yara sun miƙe sun gaishe shi da Turanci. Abin da ke shiga kan yaro ba a ganinsa a yini guda. Saboda haka duk wanda ya ce mini "an duba, an amince", nakan so in san wa ya duba, kuma me ya duba. Sai dai kada ku ɗauka ina raina aikin. Na kuma ga makarantun da ba a zuwa dubawa, na ga awaki a aji. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan sufeton ba shi da fuska, ba shi da ofis a Bauchi, kuma shi ne mai makarantar, shi ne mai hanyar zuwa makarantar.

Ban ƙyale Hafsa ba ita ma. 'Yata ce, shi ya sa na fi matsa mata, don mutum ya fi saurin yarda da ƙaryar da ta fito daga gidansa. Na ce shafin nan a ƙasar wa za a gina shi? Ta ce haya ce, ana sabunta sunan shafin duk shekara, ana kuma hayar wurin ajiya. Na ce ashe ke ma kina da maigida. Ta ce tana da shi, amma in ya yi mata wulaƙanci za ta kwashe kayanta ta koma wani gida da sunan shafinta, masu gidan haya suna da yawa. Rumbu kuwa ɗaya ne ga kowace irin waya, in ya kore ka ba inda za ka. Na ce batun ɗiba fa? Ba ta ɓoye mini ba, kuma ina so ku riƙe wannan, don an sha cewa ta rufe ni ne.

"Abba, gaskiya ne. Duk abin da ke kan shafi, mai so zai iya sauke shi a wayarsa ya yi yadda ya ga dama da shi. Zan iya wahalar da shi kaɗan, amma ba zan yi maka alkawarin hana shi ba."

Sabo, wanda tun da aka fara masa kawai yake ci, ya goge hannu.

"Yaya, ka ji da kunnenka. Ni hatsi nake sayarwa. Ban taɓa zube buhu a tsakar kasuwa na tafi gida na ce mutanen kirki sun fi yawa ba."

Na ce a ba ni lokaci. Abin da na yi da lokacin shi ne na tafi Wunti, wurin ragowar ɗaliban Malam da har yanzu ke haɗuwa a zauren suna bitar abin da suka tuna. Don su ake yin abin, sai na ga ya kamata in ga wayoyinsu. Na roƙi kowa ya miƙo tasa, Hafsa tana gefena. Abin da muka gani ya ishi mai nazari. Wayar wani tela ta cika maƙil da hotunan jikoki da samfurin ɗinki, ko allura ba za ta shiga ba. Ta wani tsohon ma'aikacin ruwa ta tsufa har rumbun ya daina kula ta. Mafi yawansu kuwa, mai shagon da ya sayar musu da wayar shi ya buɗe musu asusun shiga rumbun, da suna da kalmar sirrin da ya ƙirƙira a tsaye, ya manta kafin su kai bakin titi. In suna son manhaja, komawa suke wurinsa ya tura musu daga wayarsa, abin da ba sufeton da ya taɓa gani. Wato katangar da Mubarak ke yabo tana nan da tsayinta, amma mutanenmu ta taga suke shiga, wasu kuma a waje suke kwana. Hafsa ta buɗe wani shafi na gwaji a kowace waya. Ya buɗe a duka, in ban da ɗaya da ba ta da data, wannan kuwa ba laifin kowa ba ne sai na aljihu.

Na dawo na yanke hukunci: shafi za a yi. Na sa sharaɗi ɗaya, cewa kowane zama a sa shi cikakke, daga bisimilla har addu'ar tashi, ba gutsuttsura. Mubarak ya karɓa da ladabi, har ya taya Hafsa tsara babi-babi. Sabo ya ce, "Kai ne babba," da irin muryar da ake faɗin haka idan ana ajiye magana don gaba.

Watannin farko sun yi daɗi. Mutane suka riƙa kira daga Azare, daga Jos, waɗanda suka zauna gaban Malam suna samari, suna cewa sun ji tarinsa sun fashe da kuka. Telan nan ya riƙa sa karatun a shagonsa yana taka keke. Ban yarda da daɗin gaba ɗaya ba, don a saninna abu in ya tafi sumul, akwai wanda bai gama shiri ba ne.

Wata safiya mahaifiyarku ta shigo ɗakina riƙe da wayarta nesa da jikinta, kamar ta ɗauko kunama a faranti.

"Maigida, saurari abin da aka turo guruf ɗinmu na mata."

Hoton Malam ne, wanda ke kan shafinmu, da rubutu a ƙasa wai ga gaskiyar da malaman yanzu ke ɓoyewa. Sai muryarsa, tangaran, ba inda za ka ce ba shi ba ne:

"Mace ba ta gadon gona. Gona ta maza ce. Mace gidan wani za ta, in ka ba ta gona ka miƙa wa bare ƙasar ubanka. A ba ta akuya, a ba ta tukunya, ta yi godiya."

Nan ya tsaya. Ko minti ɗaya bai cika ba.

Dole in bayyana muku wani abu game da karatun Kakanku, don ku da ba ku zauna a zauren ba ba za ku sani ba. Malam in zai rushe magana, sai ya fara gina ta. Ba ya kawo ra'ayin da yake ƙi a raunane don ya ji daɗin ture shi. Yakan ari bakin masu shi, ya faɗe shi da ƙarfinsa da daɗinsa, har wanda ya shigo a tsakiya ya ɗauka nasa ne. Alamar da muke ganewa ita ce hularsa. In zai ari bakin wani, sai ya tura hular gefe, ta karkace kan kunne, kamar ta ɗan kasuwar ƙauye. In ya gama sai ya daidaita ta, zaure ya yi dariya, sannan ya bi maganar ya warware ta zare-zare. Duk wanda ya yi karatu a wurinsa ya san karkatacciyar hula ba Malam ba ce. To rikodar Sabo ta kama murya, ta kama tari, ta kama kukan akuyar maƙwabta, amma ba ta kama hula ba. Wanda ya yanka ya cire abin da ke gaba, ya cire abin da ke baya, ya bar mana Malam da karkatacciyar hula har abada.

Kafin azahar abin ya zaga gari. Wasu suna tsine wa mamaci, wasu suna yabonsa, kuma na rasa wanne ya fi ci mini rai. Na tambayi Hafsa wa ya yi. Ta ce tana iya ganin an sauke babin gado, amma ba ta ganin fuska. Na zauna ina jera mutane a raina: wani malami da bai taɓa yafe wa Malam cikar zaurensa ba, wani maƙwabci mai 'yan'uwa mata da gonaki, har waɗanda suka fi kowa kiran waya suna kuka. Mubarak ma na kira shi na tambaye shi ido da ido, don shi ya fi kowa sanin yadda ake yanka, kuma shi aka ƙi shawararsa. Ya rantse, na karɓi rantsuwarsa, har yau ina kan karɓa. Ubansa dai bai ɗauki tambayar da sauƙi ba. Wanda ya yi, ban san shi ba har yanzu. Zato ina da shi, amma zato ba ya shiga littafi.

Hafsa ta so ta sanyaya mini. Ta ce ko da an kulle a manhaja, mai niyya zai kara wata waya a bakin lasifika ya ɗauka. Mubarak yana wurin, ya ce haka ne, sai dai ɓarawon da zai zauna riƙe da waya biyu yana jiran wurin da yake so bai kai yawan wanda dannawa ɗaya ta ishe shi ba. Na duba, na ga duk su biyun gaskiya suka faɗa. Ba abin da ya fi wannan gajiyar da mai yanke hukunci.

Bayan 'yan kwanaki Sabo ya zo da la'asar, ko zama bai yi sosai ba.

"Yaya, a rufe shafin nan yau. An mai da ubanmu abin wasa a bakin 'yan keke. Jiya wani yaro a kasuwa ya ce mini, Alhaji ashe babanku ɗan gargajiya ne. Ni! A gaban shagona!"

"In an rufe, guntun zai koma cikin akwati?"

"Ba zai koma ba. Amma ba za a yanki na biyu ba."

Muna cikin haka aka yi sallama. Talatu ce, wata dattijuwa da ta tashi a gidan da ke bayan namu a Wunti. Tun tana yarinya take bin mahaifiyarta zuwa jikin bangon nan na mata. Mijinta ya rasu da daɗewa, ƙosai take soyawa ta riƙe 'ya'yanta. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ƙi hawa kujera, ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce mahaifinsu ya rasu bayan sallah, ya bar gona a hanyar Dass. Ranar da aka zauna rabo, ƙannenta maza suka ajiye waya a tsakiyar tabarma suka sa mata muryar Malam.

"Malam ƙarami, tashi na yi na ɗauki mayafina. In da wani ne ya faɗa, da sai inda ƙarfina ya ƙare. Amma muryar da na tashi da ita ce. Na ce in Malam ya ce ba ni da shi, ba ni da shi."

"To me ya kawo ki, Talatu?"

"Barci ya ƙi. Ni dai na san a jikin bangon nan na taɓa jin wata magana ba wannan ba. Sai nake cewa ko tsufa ne ya fara taɓa ni. Kuma Allah ya gani, na fara jin haushin bawan Allah yana kabarinsa. Shi ne na ce gara in zo in tambaya, in ya faɗa ya faɗa."

Na ce ta kawo wayarta. Wata 'yar ƙarama ce, fuskarta a tsage, an ɗaure bayanta da roba. Da gangan ban ɗauko tawa ba. Hafsa ta rubuta adireshin shafin, ta nemo babin gado, ta matsa zuwa kusa da wurin, ta ajiye a kan tabarma. Muka ji Malam yana gyara murya.

"To, bari mu ari bakin mutanen ƙauyenmu, mu ji hujjarsu, kada su ce an yi musu shari'a ba sa nan."

Sai maganar nan ta biyo, kalma bayan kalma, akuya da tukunya da godiya. Talatu ta sunkuyar da kai. Sai ɗan shiru, sai dariyar zaure ta tashi, ta mutanen da yawancinsu yanzu suna ƙarƙashin ƙasa.

"Kun ji ko? Magana mai daɗi, musamman a kunnen wanda ke da ƙanwa da gona. Sai dai Wanda ya raba gadon nan bai yi shawara da mutanen ƙauyenmu ba. Rabon mace yana cikin gona kamar yadda yake cikin akuya. Wanda ya hana ta, ƙasa ya ci, kuma ƙasa tana nan tana jiransa."

Can ƙasa-ƙasa aka ji muryar wani saurayi yana cewa, "Malam, kaset zai ƙare." Sabo ya juya fuskarsa wajen taga.

Talatu ba ta yi kuka ba. Ta ce a mayar mata baya ta sake ji. Aka mayar. Ta ce, "Allah ya ji ƙan Malam, ya yafe mini." Hafsa ta ce bari ta nuna mata yadda za ta tura wa ƙannen nata adireshin.

"A'a, 'yar nan. Ba turawa zan yi ba. In na tura, inda suke so za su ji. Kai musu zan yi, in zauna a kansu har a shafa addu'a."

Da ta fita na dubi Sabo, ina jin kamar an gama shari'a. Ashe ba a gama ba.

"Ka ga a wayarta ya buɗe," na ce. "Da a rumbu yake, da yanzu muna Wunti muna neman mai shagon da ya san kalmar sirrinta."

"Da a rumbu yake, Yaya, da wataƙila ba ta bar tabarmar rabo ba tun farko. Ita ta zo ta tambaya, don ta san gidan nan. Mata nawa ne aka sa wa wannan guntun a ƙauyukan da ba su san hanyar Ɗan Iya ba? Su wa zai kai musu sauran?"

Na karanta littattafai da dama a rayuwata, na kuma yi gardama da mutanen da suka fi Sabo iya jera magana, amma ban sami amsar wannan ba a ranar, kuma ban same ta ba har yau. Abin da na ce masa shi ne guntun ya riga ya fita, kuma cikakken karatun shi kaɗai ne abin da zai ƙaryata shi, ba zan kulle mai shaida in bar mai ƙazafi yana yawo ba. Ya ce to shi ba zai sa hannu a yankan gaba ba. Ya ce a ba shi akwatinsa. Na ce Malam ni ya ba wa. Ya ce Malam ajiya ya ba ni, ba talla ba. Ina iya hana shi, amma na tuna wanda ya durƙusa gefen buzu yana juya kaset shekara da shekaru. Na sa aka fito da akwatin aka ɗora masa a keke napep. Daga ranar ya daina zuwa cin masar Juma'a. Muna gaisawa, muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, yana ce mini Yaya. Amma kun san bambancin, tunda kun lura har kuka fara tambaya.

Talatu ta sami rabonta bayan an yi girbi, ta ɓangaren da ya fi duwatsu. Ƙannenta sun ce ai Malam ne ya canza ra'ayi a tsakiyar karatu, su kuma ba sa jayayya da malamai. Hafsa ta ƙara rubutu a saman kowane babi tana bayyana al'adar aron baki, ga mai karanta rubutu. An sake yanka wani wurin daga baya, a babin ciniki, bai yi nisa kamar na farko ba. Ban ce shafi ya fi manhaja a kowane hali ba. In kuɗin mutane za a riƙe, ko sirrinsu, ni ma zan so katanga da mai gadi, ko da ban san fuskarsa ba. Abin da na zaɓa wa karatun Malam na zaɓa ne ina sane da cewa ɓarawo zai shigo ta ƙofar da ɗalibi ke shigowa.

Guntun kuwa bai mutu ba. Yakan yi wata da watanni shiru, sai ya sake ɓullowa. Kwanan baya ya dawo wayata daga wani tsohon ɗalibina, mutum mai digiri, shugaban makaranta a yanzu, da rubutu a ƙasa: Allah ya ji ƙan malaman da, masu faɗin gaskiya ba tsoro. Bai ma san cewa mahaifina ne ba. Na tura masa adireshin shafin, na ce ya saurari babin gaba ɗaya. Ba a jima ba ya kira ni.

"Ranka ya daɗe, ina jin an shiga wayarka. An turo mini wani adireshi da sunanka. Ban taɓa ba, ka san irin waɗannan na 'yan damfara ne."

Na ce ya kyauta da ya yi hattara, ni na koya masa. Na tambaye shi ko yana gida. Ya ce yana nan. Na sa hula, na ɗauki sanda da waya, na fita bakin titi na tsayar da keke napep.